Tambaya da Amsa: Rahoton ILR ya cika da kurakurai, bayanan gefe kuma sun ɓace

Tambayoyin wannan makon duk daga 'yan'uwanmu ne da ke aiki a ofishin bayanan ɗalibai na kwalejojin Ingila. Ga wanda bai san harkar ba, a can kwalejin gaba da sakandare bata samun kuɗin gwamnati sai ta tura fayil ɗin da ake kira ILR, wato bayanin kowane ɗalibi da kwas ɗin da yake yi da ranar da ya fara da ranar da zai gama. Shekarar karatu na farawa 1 ga Agusta ta ƙare 31 ga Yuli, ana turawa zango zango daga R01 har R14. A da hukumar ESFA ce ke karɓa, an rufe ta a ƙarshen Maris 2025 aikin ya koma hannun ma'aikatar ilimi.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni sabuwa ce a wannan aikin a wata kwaleji nan Manchesta, na tura fayil ɗin R04 sai rahoto ya dawo min da kurakurai da gargaɗi rututu, shugabata tace in share su duka kafin a rufe, kuma akwai ɗalibai da yawa da ranar gama karatunsu ta wuce amma har yanzu suna nuna suna kan karatu. In matsar da ranar gaba kawai ko yaya zan yi? Wallahi kaina ya ɗau zafi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Don Allah kar ki taɓa wannan ranar, zan zo kanta, amma bari mu fara raba kayan gida biyu don ba duka ne ke da nauyi ɗaya ba. Kuskure daban, gargaɗi daban. Duk ɗalibin da ke da kuskure ko guda ɗaya ne to an watsar da shi daga lissafin kuɗi gaba ɗaya, kamar ma ba ki turo shi ba, kuma tunda kowane sabon fayil yana maye gurbin na baya ne, ɗalibin da ya shiga lafiya lau a watan jiya zai iya ɓacewa wannan watan saboda wani ya taɓa masa lambar gidan waya. Shi gargaɗi baya hana fayil shiga, ce miki kawai yake duba nan akwai abin da bai saba ba. Toh ki fara da kurakuran, ki jera rahoton bisa sunan dokar da aka karya maimakon bisa sunan ɗalibi, zaki ga sau da yawa layi ɗari matsala ɗaya ce tak, misali lambar kwas da wa'adinta ya ƙare aka ci gaba da ɗora sababbin ɗalibai a kanta. Ki duba lambar a shafin neman kwas na ma'aikatar, in kin gyara ta a wuri ɗaya duk layukan sun tafi.

R04 ɗin nan kuma ba na wasa bane, shi ake turawa a Disamba kuma da shi ake duba yawan yara 'yan 16 zuwa 19 wajen ware kuɗin shekara mai zuwa, don haka yaron da ya faɗi a nan kwaleji zata ji a jikinta baɗi.

Yanzu maganar rana. Ranar da aka tsara ɗalibi zai gama ana sa ta ne tun farkon kwas kuma haka take zama ko da ya makara, akwai wani gurbi daban na ranar da ya gama a zahiri. In kin matsar da ita rahoto zai yi shiru yau amma kin canza lissafin kuɗi da na sakamako, kuma odita yana da fayil ɗin baya a hannunsa, zai ga an taɓa. Abin da zaki yi shine ki ɗau rajistar aji ki bi su ɗaya bayan ɗaya, aiki ne mai cin rai na sani. A gurbin da ke nuna matsayin karatun ɗalibi, wanda har yanzu yana zuwa aji ki bar shi a lamba 1 yana kan karatu. Wanda ya kammala lamba 2 da ranar da ya kammala. Wanda ya daina zuwa lamba 3, kuma ranar da zaki sa ita ce ranar ƙarshe da kike da shaidar ya yi karatu, ba ranar da malaminsa ya tuna ya gaya miki ba, nan ne mutane suka fi zamewa. Wanda ya ɗau hutu da yarjejeniya a rubuce lamba 6. Ki lura da waɗanda suka gudu da wuri, kwas mai tsawon kwana 168 ko fiye sai ɗalibi ya cika kwana 42 kafin a ƙirga shi, in ya bar zuwa a sati na huɗu aka bar shi a buɗe to kuɗin da ba hakkinku ba kuke karɓa, kuma za'a dawo a karɓe shi.

Tunda a Manchesta kike ga wani abu da zai dinga dawo miki. Tun Agustan 2019 kuɗin karatun manya a wasu yankuna ya koma hannun hukumomin magadan gari, na Babbar Manchesta lambar tushen kuɗinsa 110, na Landan 116, kuma adireshin da ɗalibi yake zaune a ranar da ya fara kwas ɗin ne ke yanke wa zai biya. Mutum zai tsallako daga wani gari ya zo ajinku, magatakarda ya danna masa 110 saboda sabo, rahoto ya yi ihu. Ki duba takardar rajistarsa da ya sa wa hannu kafin ki canza komai. Kuma duk gyaran da zaki yi ki yi shi a manhajar kwaleji inda bayanin yake zaune, kar ki buɗe fayil ɗin XML, wato ainihin fayil ɗin ILR da ake turawa, ki gyara da hannu, wata mai zuwa za'a fitar da sabo daga manhajar kuskuren ya dawo yadda yake. Kafin ki sake turawa ki bi da shi ta FIS, manhajar da ke gwada fayil kafin a tura, a kwamfutarki ki ga me ya rage. Ita kuma shugabarki ki gaya mata cikin ladabi cewa kurakurai zasu koma sifiri insha Allahu amma gargaɗi wasu zasu zauna saboda gaskiya ne, bayani suke buƙata.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni a Birmingham nake, duk wata ina zama in rubuta bayanin gefe a rahotannin PDSAT, wannan watan na ɗora sabon fayil sai naga rabin bayanan nawa babu su, layukan da na riga na duba sun dawo fanko. Me ya jawo haka, kuma wai dole ne sai na rubuta wa kowane layi bayani?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Shi PDSAT, manhajar da kwaleji ke binciken bayanan ILR ɗinta da ita, ba alƙali bane, yana zaƙulo layukan da ya kamata a sa musu ido ne kawai, wani layin kuskure ne wani kuma daidai yake, amma ka sani masu binciken kuɗi da irin waɗannan rahotannin suke shigowa, shi yasa bayanin naka yake da daraja.

Bayanin gefe yana manne ne da layin da ka rubuta shi a kai, in abin da ake gane layin da shi ya motsa to bayanin ya zama maraya. Abu na farko da zan duba shine lambar ɗalibi ta kwaleji, ko an haɗe fayil biyu na mutum ɗaya aka bashi sabuwa. Na biyu jerin kwasa-kwasansa, in an goge ɗaya aka sake shigarwa lambar jerin ta canza. Na uku kuma wanda nafi zargi shine Excel, ka buɗe fayil ya haɗiye maka sifirin da ke gaban lamba, 004512 ta koma 4512, ko ya juya rana da wata irin na Amurka, ka adana baka lura ba. Ka ɗau ɗalibi guda da bayaninsa ya ɓace ka ajiye tsohon layinsa kusa da sabon ka kalle su harafi harafi, a nan zaka ga inda suka rabu. Ka tabbatar kuma sigar PDSAT ɗin da kake amfani da ita ta shekarar nan ce don rahotannin suna canzawa. Daga yau ka dinga ajiye kwafin bayanan naka daban bayan kowane zango da sunan zangon a jiki.

Maganar haɗe fayil ta tuna min da mutanenmu. Ɗalibi ya zo daga gida, a wata takarda sunan mahaifinsa ne a gaba a wata nasa ne, Muhammad a nan Mohammed a can, sai a buɗe masa ULN biyu, ita lambar nan mai lamba 10 da ya kamata ta bi shi har abada. Kai da ka san yadda sunayenmu suke kai ne zaka fi kowa saurin kamo wannan a ofis, ka taimaka musu don yaro na iya rasa tarihin karatunsa a banza.

Ko dole ne kowane layi? Wanda kuskure ne gyara shi zaka yi ya fita da kansa. Wanda zai zauna shi ke son bayani, kuma gaskiya ina jin takaicin bayanin da aka rubuta "an duba, daidai ne" aka wuce. Wa ya duba, yaushe, me ya gani? Ka rubuta kamar haka: ɗalibar ta sake wannan kwas ne saboda ta janye bara da rashin lafiya, takardar janyewa da sabuwar yarjejeniyar karatu suna cikin fayil ɗinta, sai harafin sunanka da kwanan wata. Wanda zai gaje ka a kujerar nan ya karanta ya miƙe ya ɗauko takardar ba sai ya kira ka ba. Kuma don Allah kar ka turo min fayil ɗin in duba maka kamar yadda wasu ke yi, bayanan mutane ne, dokar kare bayanai ta 2018 zata hau kanka.

Tambaya: Malam ɗan koyon sana'a ɗaya ne kuɗinsa ya maƙale mana wata biyu, rahoto na nuna DLOCK_07. Daga Lids.

Amsa: Farashi ne bai zo ɗaya ba. Kuɗin da kuka sa a ILR, na horo haɗe da na jarrabawar ƙarshe, dole ya yi daidai da wanda kamfanin da yaron ke aiki ya amince da shi a asusunsa na intanet, ko fam ɗaya ya bambanta an kulle. Ku ɗauko yarjejeniyar da aka sa wa hannu ku ga wanene ya kauce, in ku ne ku gyara ku sake turawa, in kamfani ne sai sun shiga sun amince da gyaran da kansu, kuma kiran waya yafi imel saurin tada su. Ku gama da shi kafin R14 a Oktoba, in an rufe wannan zangon babu sauran gyara a bayanan shekarar.