Oba-obarmu na yankewa, kuma ƙararta na firgita shanu: ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu matasa ne 'yan sa-kai a yankin Haɗeja, duk damina in ruwa ya taso mu ne ke shiga da kwalekwale mu fito da shanu da awaki da jakunan da ruwa ya ritsa da su. Bayan ambaliyar 2022 muka yi karo-karo muka sayi oba-oba guda shida, a jikin kwali an rubuta kilomita 10 amma ko biyu ba ta kaiwa, magana sai ta riƙa yankewa, rannan ma wani bijimi ya fizge igiya saboda ƙarar da ta yi. Don Allah mu ne ba mu iya ba ko kayan ne jabu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka muku da alheri, wallahi aikin nan da kuke yi ba ƙarami ba ne, don mutumin da saniyarsa ɗaya ta tsira kamar ka tsamo masa gidansa ne gaba ɗaya. Toh ina ga kayanku lafiyarsu ƙalau, yawanci matsalar daga riƙo ne da tsarin magana.

Wancan kilomita 10 na jikin kwali lissafi ne na mutum biyu a fili fetal ko kan tudu babu komai a tsakaninsu. Sautin oba-oba a miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, duk abin da ya tare hanya, gini ne ko kurmi ko gangare, sai ya ci wani abu daga ƙarfinsa, kuma ƙananan nan na hannu ƙarfinsu bai wuce wat 4 ko 5 ba. Don haka kilomita ɗaya zuwa uku a cikin gari ko cikin kacalla abu ne da aka saba gani. Tsayi shi ne maganin, ya fi ƙarin ƙarfi amfani nesa ba kusa ba. Ku ware mutum ɗaya ya hau tudu ko gada ko saman gini mai ƙwari, kada ya shiga ruwa ko kaɗan, aikinsa kawai ya ji kowa ya isar da saƙon wanda ba a ji ba, za ka sha mamakin yadda kwalekwale biyu da ba sa jin juna duk za su riƙa jin sa raɗau. In na'urarku mai layi biyu ce, ɗaya an rubuta masa VHF ɗaya UHF, VHF ya fi tafiya a fili da kan ruwa, UHF kuma ya fi ratsa lungu da gine-gine, amma dole duk shidan su zauna a mita ɗaya, wato lambar tasha ɗaya. Sannan eriya a tsaye ake riƙe ta tana kallon sama, ba a kwance a cikin jirgi ba ko manne da cinya cikin aljihu, jikin mutum kansa yana shanye sautin. Kuma kada a taɓa danna maɓallin magana babu eriya a jiki, yana iya ƙona na'urar.

Yankewar magana kuwa kusan kullum daga yatsa ne. Mutum yana dannawa yana magana lokaci guda, sai kalmar farko ta ɓace, ka ga kuwa in ka ce "kada ku saki igiya" aka cinye "kada" ai an yi ɓarna. Danna, ka ƙirga ɗaya a zuci, sannan ka yi magana, ka gama tukuna ka saki. Ba waya ba ce da mutum biyu za su yi ta surutu tare, in ɗaya ya danna sauran sai saurare, in biyu suka danna tare sai kowa ya ji gunji. Ku fara da sunan wanda ake kira sannan naka, "Tudu, jirgi na biyu ne", ka jira ya amsa, ka faɗi inda kake da abin da ka gani da abin da kake so, a taƙaice: muna bayan makarantar firamare, shanu huɗu, ɗaya ta karye, a turo igiya. Wanda aka gaya wa ya maimaita don a tabbatar ya ji daidai. Gaisuwa da ya gajiya a bar su sai an fito. Ku kuma tsayar da kalma ɗaya ta gaggawa wadda in an ji ta kowa zai yi tsit, don ranar da mutum ne ya faɗa ruwa ba dabba ba.

Yanzu maganar bijimin nan, nan ne na fi so ku riƙe. Saniya ta fi mu jin siririyar ƙara, tana jin sautin da kunnenmu ba ya kamawa ma, kuma tana gani kusan ta ko'ina sai dai daidai bayanta, toh ka ɗauko dabbar da ta kwana cikin ruwa da sanyi da yunwa an raba ta da garke, kawai sai ta ji wani ƙyat da shuuu daga inda ba ta gani, dole ta zabura, jaki ma a nan yake harbi. Mai riƙe da igiya kada ya riƙe oba-oba, hannunsa biyu da hankalinsa na kan dabbar, wani daban ya tsaya ɗan nesa ya yi magana a madadinsa. Ku sayi abin saƙalawa a kunne, ba shi da tsada, ku shiga saitin na'urar ku kashe ƙarar maɓallai da ɗan fiton da take yi in an gama magana, ku ɗaga abin toshe shuuu ɗin, wanda aka rubuta SQL, zuwa 3 ko 4, kada ya kai ƙarshe don zai toshe muryar na nesa. VOX kuma ku kashe shi gaba ɗaya, shi ne mai buɗe layi da kansa in ya ji sauti, kukan saniya ɗaya ko injin jirgi sai ya riƙe muku layi ba wanda zai iya magana. In da hali mai dabbar ya zo kusa, muryarsa ta fi duk dabarunmu kwantar mata da hankali.

Ruwa: irin su Baofeng UV-5R da suka cika kasuwa ba a yi su don nutso ba, sai wadda aka rubuta wa IP67 ce ke jure nutso a ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa. Leda mai zif da igiya a wuya ta wadatar. In ta faɗa ruwa a cire batir nan take, kada a kunna sai ta bushe sarai. Batir kuma magana ce ke cinye shi ba saurare ba, ku riƙe na canji, ku sa ƙaramin ƙarfi in kuna kusa da juna.

Sai abin da ke damuna da matasanmu, wato zaɓen mita da ka. Waɗannan na'urori suna iya hawa layin da ba naku ba, na jami'an tsaro ko tasha ta 16 ta jiragen ruwa, 156.8, wadda aka keɓe don neman agaji. Mita a Najeriya a hannun gwamnati take, NCC da ma'aikatar sadarwa ke ba da izini, ku bi ta hukumar agajin gaggawa ta jiha ta ɗora ku kan hanya. Kuma a halin da Arewa ke ciki, matashi da oba-oba a daji yana kora shanu za a iya yi masa mummunar fahimta, don haka DPO da hakimi da 'yan sintiri su san da ku tun kafin damina, kowa da katinsa da riga iri ɗaya. Ku sani kuma duk mai irin na'urar zai iya jin ku, kada ku riƙa faɗin adadin shanun wane da inda za a kwana da su a layi.

Ruwa kuma ba dabbar gida kaɗai yake korowa ba. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shiga gidan zu na Sanda Kyarimi a Maiduguri, aka yi ta gargaɗin jama'a kan kadoji da macizai da suka fita. In ɗayanku ya hango irin wannan aikinsa ya sanar da na tudu wurin da ya gani, a janye jirage daga nan, a kira ma'aikatan gandun daji.

Kafin ruwan bana ya taso ku ɗauki yini guda ku zaga unguwannin da kuka saba shiga da na'urorin, ku rubuta inda ake ji da inda ba a ji, sai ku san tudun da za ku ajiye mutuminku.