Za a Sauya Tsarin Karatu a Makarantarmu ta Likitanci: Ci Gaba Ne ko Gwaji Za a Yi da Mu?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu a makarantar koyon aikin likita. An tara mu an ce daga zango mai zuwa za a buɗe sabon gini mai mutum-mutumin koyon aiki, za a rage lacca a riƙa koyar da mu gaɓa bayan gaɓa, kuma za a fara kai mu asibiti tun yanzu. Na gaba da mu suna cewa gwaji za a yi da mu, za mu fito da ilimi rabi da rabi. Gaskiya hankalina ya tashi.

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Cikin abubuwan nan uku babu wanda za a fara gwadawa a kanku, an daɗe ana yin su a duniya tun kafin a haife ki. Sai dai maganar na gaba da ku ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, zan zo wurin.

Tsarin da kike ciki yanzu, wato a zauna a aji shekaru ana haddar sassan jiki da yadda suke aiki kafin a taka asibiti, ya samu gindin zama ne bayan rahoton da wani masanin harkar ilimi Ba'amurke, Abraham Flexner, ya fitar a 1910. Ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada, ya tarar da yawansu kasuwanci kawai suke yi, babu ɗakin gwaji na kirki. Gyaran da ya biyo baya ya ɗora aikin likita a kan kimiyya, kuma an amfana ƙwarai. Illarsa ita ce nisan da ke tsakanin karatu da aiki. Ɗalibi zai haddace jijiyoyin hannu bana, ba zai ga mai karaya ba sai bayan shekara biyu, lokacin rabin haddar ta zube.

Koyarwa gaɓa bayan gaɓa, wato a ɗauki sashen jiki ɗaya a koyi komai a kansa kafin a wuce na gaba, maganin wannan ce. Jami'ar Western Reserve ta birnin Cleveland a Amurka ta fara ta a 1952. Ɗauki ƙoda: a cikin makonni kaɗan za ki ga siffarta, ki san yadda take tace jini, ki ga ɓarnar da ciwon suga da hawan jini ke yi mata, sannan ki gane dalilin da ya sa ake rage wa mai ciwon ƙoda adadin wasu magunguna. Abu ya kama abu, ba ya saurin ɓacewa. A 1969 kuma Jami'ar McMaster ta Kanada ta zo da salon zama rukuni-rukuni: a ba ɗalibai kaɗan labarin majiyyaci, su tono abin da ba su sani ba, su je su karanto, su dawo su tattauna gaban malami. Ina goyon bayan wannan, amma ki sani rage lacca ba rage karatu ba ne. Nauyin ya koma wuyanki. Kuma salo ne mai cin malamai, don kowane rukuni sai da mai kula da shi. Makarantar da ta rage lacca ba ta tanadi masu zama da rukunin ba, ta saki ɗalibai ne kawai a daji.

Batun sabon gini, shi ne zai fi ɗaukar ido, kuma shi na fi ƙarancin dogaro da shi. Mutum-mutumin koyon aiki na zamani ya samo asali tun 1960, lokacin da Asmund Laerdal, mai ƙera kayan wasan yara a ƙasar Norwe, ya fito da Resusci Anne don koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Na yanzu ƙirjinsu na hawa da sauka, ki taɓa wuyan hannu ki ji bugun jini, malami na bayan gilashi yana sauya musu yanayi da kwamfuta. Amfaninsu a fili yake: ki yi kuskure sau goma babu ran da ya salwanta. Amma jijiyar hannun roba ba ta gudu. Ranar da aka miƙo miki yaron da gudawa ta tsotse, jijiyoyinsa sun lafe, uwarsa na tsaye ta zuba miki ido, a nan za ki san ko kin iya sa allurar ƙarin ruwa. Sannan ilimin ɗakin nan ba a jikin mutum-mutumin yake ba, yana cikin zaman da ake yi bayan an gama, inda malami zai ce, "A nan kin yi jinkirin neman taimako, me ya hana ki?" Na taɓa ziyartar wata makaranta mai irin waɗannan kaya masu tsada, an lulluɓe su da leda, ɗakin a kulle, ba a buɗewa sai an yi baƙi, saboda babu wanda aka horar ya sarrafa su. Abin ya daɗe yana damuna.

Shiga asibiti da wuri shi ne zuciyar lamarin. Ba za a ce ki yi tiyata ba. Za ki koyi gaida majiyyaci, neman izininsa kafin ki taɓa shi, wanke hannu, auna hawan jini, da sauraron labarin ciwo ba tare da katse mai magana ba. Wannan na ƙarshe wasu sun shekara ashirin suna aiki ba su iya ba. Abin da za ki sa wa ido shi ne yawan ɗaliban da ke bin malami ɗaya. Idan ku talatin ne a kan gado ɗaya, na baya ba su ganin komai sai bayan fararen riguna, majiyyacin kuma an takura shi. Shiga asibiti ba tare da wanda zai tsaya ya kalli hannunki ya gyara miki ba, yawo ne kawai.

Jarrabawa ma za ta sauya, ki shirya. Mai yiwuwa a kawo muku ta tasha-tasha wadda ɗalibai ke kira oski, wadda Ronald Harden da abokan aikinsa na Jami'ar Dundee ta Birtaniya suka bayyana a 1975. A wannan tasha ki duba ciki, ƙararrawa ta kaɗa, ki wuce ta gaba ki yi wa wani bayanin yadda zai sha magani. Hadda kaɗai ba ta fitar da mutum a nan, sai wanda hannunsa da bakinsa suka saba.

Yanzu ga inda na gaba da ku suke da gaskiya. Haɗarin ba a sabon tsarin yake ba, yana kan ajin da sauyin ya riska a tsakiya, wato ku. Darasin da tsohon tsari ya ajiye sai shekara ta uku, sabon kuma ya mayar da shi shekara ta farko, yana iya faɗawa tsakanin biyu ku wuce ba ku taɓa shi ba. Ilimin magunguna da na ƙwayoyin cuta su na fi jiye wa wannan. Don haka ku tura wakilin ajinku, cikin ladabi, ya nemi takardar da ta jera kowane darasi na tsohon tsari da gurbinsa a sabo. Ku tambayi yadda za a yi da wanda ya faɗi wani kwas na tsohon tsari, da ko za a ci gaba da feɗe gawa, da ko hukumar da ke tantance makarantun likitanci ta amince da sauyin, don da amincewarta za ki samu lasisin aiki.

Idan takardar ta zo, ki zauna da alƙalami ki bi ta layi-layi. Duk darasin da ba ki ga inda ya koma ba, ki ja masa layi, ku mayar wa shugaban tsangaya tun kafin zangon ya fara. Allah ya ba ki sa'a, 'yata.