Tankin babur na yoyo: yadda ake juye man, da abin da ke jiran mai walda

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kabu-kabu ne a nan Maradi, unguwar Zariya nake. Tankin babur ɗina ya fara yoyo ta ƙasa, gefen hagu, daidai wajen haɗin ƙarfe. In na shigar da shi zaure ya kwana, da safe sai in tarar ƙasa ta jiƙe, gida duk warin esansi. Ga shi kuma shekaranjiya na cika shi. Makanikena ya ce a juye man a kai tankin wurin mai walda, yaronsa har ya ɗauko tiyo zai zuƙa da baki, ni dai hankalina bai kwanta ba na ce a dakata. Yaya zan fitar da man ban yi asararsa ba? In kuma na shanya tankin a rana wuni guda, ya isa a sa masa wuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar nema. Tun kafin mu je ko'ina, daga daren yau kada babur ɗin nan ya sake kwana a zaure. Ka fitar da shi tsakar gida inda iska ke kaɗawa, nesa da madafa, ka tara masa kwanon ƙarfe a ƙarƙashin wurin yoyon.

Tambayarka ta biyu zan fara ɗauka, don ita ce mai kisa. A'a, shanya ta wuni guda ba ta isa ba, ta kwana uku ma ba ta isa ba. Mutane da yawa suna ɗauka cewa haɗarin yana cikin ruwan man, in an juye shi shi ke nan an rabu da Bukar. Ba ruwan esansi ke ci da wuta ba, tururinsa ne, kuma tururin ba ya kamawa sai ya gauraya da iska daidai gwargwado: kusan kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100. In ya yi ƙasa da haka ya yi kaɗan, in ya haura ya yi yawa, iskar ba ta ishe shi ba. Tankin da ke cike da mai tururin cikinsa ya fi ƙarfin iskar da ke ciki. Amma ranar da ka juye shi iska ta shiga ta cike gurbin man, ranar ce gaurayen ya daidaita. A tanki mai lita 12, man da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba ya isa ya yi wannan aikin. Wannan ɗan man kuwa yana nan, maƙale a cikin haɗin ƙarfe, da ƙarƙashin tsatsa, da lungun da ido ba ya kaiwa. Rana za ta busar da abin da ke fili, hanci ya ce maka babu komai, sai wutar walda ta ɗumama ƙarfen, abin da ke ɓoye ya taso ya cika tankin. Shi ya sa tankin da ya fi raunata masu walda shi ne wanda mai shi ya rantse cewa fanko ne. Kada kuma wani ya juya maganata ya ce to a yi walda yana cike. Wannan ma wauta ce, don man da ke ɗiga ta waje yana da duk iskar da yake bukata.

Yanzu juye man. Wurin da za ka yi aikin ya fi kayan aikin muhimmanci. Tururin esansi ya fi iska nauyi ninki 3 zuwa 4, ba ya tashi sama, ƙasa yake bi yana malala kamar ruwan wanki, ya gangara kwata, ya shige ƙarƙashin benci. Garejojinmu kuwa ka san yadda suke: mai shayi a dama da kurfotinsa, mai tsire a hagu, can gaba kaɗan mai faci da wutarsa, ga wani a zaune yana busa taba. Ba sai wuta ta zo wurin man ba, tururin ne zai je ya same ta, ita kuma ta biyo shi da gudu har bakin bido, wato jarkar da kake tara man. Ka zaɓi fili, a inuwa, da sassafe. Esansi yana fitar da tururi mai kama wuta ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a bazarar Maradi da zafi ke wuce 40 a watan Afrilu da Mayu. Ka bar injin da salansa su huce sarai, ka taɓa su da hannu ka ji. Ka zare makulli, ka cire baƙar wayar batir, wato mai alamar ragi, ka karkatar da ita gefe. Ka ajiye bokitin yashi kusa da kai. Ruwa ba ya kashe wutar mai, ɗaukar ta yake yi ya yaɗa ta.

Galibin baburan da ake kabu-kabu da su a garin nan, su Kasea da Haojue da Boxer, masu kafireta ne, wato abin da ke gauraya mai da iska kafin ya shiga inji, kuma mai yana sauko musu da kansa daga tanki. Saboda haka ba ka bukatar zuƙa ko kaɗan, kamfani ya riga ya yi maka ƙofar fita. Ka duba ƙarƙashin tanki ta hagu, akwai ɗan famfon mai da aka rubuta wa ON da OFF da RES. Ka kafa babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, ka mayar da famfon kan OFF. Ka bi siririn tiyon da ya taso daga famfon zuwa kafireta, ka matse ɗan zoben wayar da ke riƙe da shi ta wajen kafireta, ka murɗa tiyon a hankali ka zare. Mai kaɗan zai zubo, ka tare da tsumma. In tiyon gajere ne ka cire shi gaba ɗaya ka sa wani mai tsawo a bakin famfon, wanda zai kai har cikin bidon da ke ajiye a ƙasa. Bakin tiyon ya shige can ciki ya taɓa gindin bidon, kada man ya riƙa faɗowa daga sama yana fantsama. Sai ka sassauta murfin tanki don iska ta samu shiga, ka juya famfon.

A nan ne yara ke yin kuskure: su juya shi kan ON, man ya zubo ya tsaya, su ce ya ƙare. Bai ƙare ba. Famfon nan bututu biyu ne gare shi a cikin tanki, dogo da gajere. ON yana sha ta dogon, don haka da man ya sauka ƙasa da bakin bututun sai ya yanke, ya bar maka ajiyar da za ta kai ka gidan mai, abin da ya kai lita 1 zuwa 2 a yawancin babura. RES ne ke sha ta gajeren. Kan RES za ka sa shi tun farko. In ya fara ɗiga, ka karkata babur ɗin zuwa gefen famfo. Tankin babur a kan ƙashin bayan babur yake zaune, ƙasansa ya rabu gida biyu, man da ke ɓangaren dama ba ya hayowa ya tsallako da kansa. Akwai kuma wasu babura da famfonsu ba ya buɗewa sai injin na aiki. Irin waɗannan za ka ga an rubuta PRI a jiki, nan za ka juya.

Bidon da za ka tara a ciki ya zama na mai ne, busasshe, mai murfin kirki, kuma kada ka cika shi fal, ka bar masa wurin numfashi don mai yana kumbura da zafi. A ƙasa za ka ajiye shi, ba a kan sirdi ko a hannun yaro ba. Wannan ya fi muhimmanci da hunturu, lokacin da iska ta bushe har in ka tuɓe rigar sanyi da dare kana jin tana ƙas-ƙas da ɗan tartsatsi. Irin wannan lantarkin yana taruwa a jikin roba idan mai na gudu a ciki. Don Allah kuma ban da gorar ruwa ko kwalbar lemo da za a ajiye a gida. Yaro mai jin ƙishirwa ba ya tambaya.

Da an gama da famfo, saura kofin kafireta. A ƙasansa akwai ɗan sukuru guda, ka sassauta shi, man da ke ciki zai biyo ɗan tiyon da ke rataye ya fito. Ka tare shi a kwalba mai haske ka duba da kyau, don shi zai gaya maka halin da tankinka yake ciki. Sannan ka ɗaga sirdi, ka kwance notin da ke riƙe da bayan tanki, ka zare wayar ma'aunin mai in akwai, ka ja tankin baya ka ɗaga, zai fita daga robobin da ke riƙe da shi ta gaba. Ka kwance famfon gaba ɗaya, ka jijjiga tankin ka tsiyaye ragowar ta ramin. Wannan na ƙarshe kada ka haɗa shi da mai kyau.

In babur ɗinka na zamani ne mara kafireta, mai famfon lantarki a cikin tanki, duk wannan bai shafe shi ba. Man da ke cikin tiyonsa a matse yake, in ka zare zai feso maka a ido. Ana cire fis ɗin famfon, a tayar da injin har ya mutu da kansa, sannan a janye man ta bakin tanki da famfon hannu. Wannan ka bar wa wanda ya saba.

Zancen zuƙa da baki kuwa, na san kowa ya taso ya ga ana yi, amma ka gaya wa maigidan yaron ya saya masa tiyo mai ƙwallon roba da ake matsawa da hannu, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Haɗarin esansi ga ciki kaɗan ne in aka gwada da haɗarinsa ga huhu. Ruwa ne mara kauri, in mutum ya shaƙe ya sarƙe, ɗan kaɗan ya bi maƙogwaron iska, sai ya ƙona huhu, kuma wani lokaci sai bayan sa'o'i tari da zazzaɓi da sarƙewar numfashi za su bayyana. In tsautsayi ya sa wani ya haɗiya, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, don aman ne ke tura man cikin huhu. A kurkure masa baki, a canza masa riga in ta jiƙe, a kai shi likita.

Man da ka tara ba asara ba ne. Ka bar shi ya kwanta, ruwa ya fi shi nauyi, zai taru a ƙasa tare da jan garin tsatsa. Ka tsiyaye na sama ta mazurari da tsumma mai tsabta, ka tsaya kafin ka kai gindi. Tsumma datti yake tarewa, ba ya tare ruwa. Gurɓataccen kada ka zuba shi a kwata ko shadda ko kusa da rijiya. Ka bar shi a gwangwani mai murfi a gareji. In ka ga ruwa da yawa, to ka samu dalilin yoyonka. Ruwan nan yana shiga ta murfin da robarsa ta mutu lokacin damina da wajen wanki, da raɓar da ke taruwa a tankin da kullum ake yawo da shi rabi, da kuma man kwalba na bakin hanya, wanda ya bi durom da bido iri-iri kafin ya iso gare ka. Ban ce duk ƴan ruwa-ruwa mugun mai suke sayarwa ba, ni ma nakan sha a wurinsu in ta kama, amma ka riƙa ɗaga kwalbar ka kalli gindinta a rana kafin a juye maka.

Wannan ya kawo mu ga ko ma waldar ta dace. In tsatsa ce ta ci ƙarfen daga ciki, ramin da kake gani ɗaya ne daga cikin da yawa da ke tafe. Ka toshe shi yau, wata mai zuwa maƙwabcinsa ya buɗe. Ka haska cikin tankin da hasken rana ko tocila daga ɗan nesa, ba ashana ko leta ba. In ƙasan ya yi ja ya yi ɓawo, shawarata ka je wurin masu kayan babur ka tambayi kuɗin sabon tanki ko na hannu mai kyau, ka gwada da kuɗin walda sau biyu da man da kake zubarwa kowane dare. In kuwa ɗan rami ne guda kuma ƙarfen gefensa da ƙwari, akwai gam mai haɗi biyu, wanda aka rubuta cewa yana jure mai. A kankare wurin da takardar yashi da hannu har ƙarfe ya fito fari, a goge, a shafa, a ba shi lokacin da aka rubuta a jiki. Yakan riƙe, ko da yake a kan haɗin ƙarfe irin naka, inda girgiza ke aiki, ban cika ba shi amana ba. Sabulun da ake murza wa a wurin yoyo kuwa na isa gida ne kawai.

In dai ba makawa sai walda, ka wanke tankin da ruwan zafi da omo, ka jijjiga sosai, ka zubar, ka maimaita har sai ruwan da ke fita ba shi da wari ba shi da ƙyallin mai a samansa. Duk da haka kada ka yarda da shi. A toshe ramin famfo, a cika tankin da ruwa, a jingine shi yadda wurin da za a gyara zai kasance a can sama, ruwan ya tsaya dab da shi, a kuma bar masa kafar da tururi zai fita, kada a toshe shi ruf. Ruwan ya cinye gurbin da tururi zai taru. Wasu masu walda sukan sa bakin salansa a cikin tanki su ba shi hayaƙi na ɗan lokaci su ce ya mutu. Ni ba na aminta da wannan, don hayaƙin babur mai kafireta yana ɗauke da man da bai ƙone ba. Injin gurza ƙarfe ma wuta ne, tartsatsinsa ya isa, don haka kada a ce bari a ɗan share wurin kafin a zuba ruwa. Ka faɗa wa mai waldar gaskiya cewa shekaranjiya tankin nan yake cike. In ya ce ba komai ya saba, ya miƙa hannu zai karɓa haka nan, ka ɗauki tankinka ka nemi wani.

Bayan an gama, a gwada shi da ruwa a ga ko yana tsattsafowa, sannan a busar da shi sarai a rana, murfi da ramin famfo a buɗe, don ruwan da ya rage shi ne tsatsar gobe. Ka wanke ƴar ragar da ke kan famfon kafin ka mayar, ka canza robarsa in ta bushe, tiyon ma in ya yi tauri ya tsattsage. Ka fara zuba lita 1 kacal, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, ka bar shi awa guda. In kwalin bai jiƙe ba ka mayar da wayar batir, ka zuba sauran.