Amsar tambaya kan ɓoyayyen sinadarin sararin samaniya

Assalamu alaikum 'yan guruf. Ku yi haƙuri da ƙarar keke, ina titin Bauchi ne, yanzu na fito daga jami'a.

Ƙanwata, kin ce wannan ɓoyayyen sinadarin da ba ya ba da haske, wanda ya ninka abin da muke gani wajen sau biyar, me ya tsayar da yawansa a haka? To, sai mun koma can farkon sararin samaniya, shekara biliyan 13.8 baya.

Lokacin zafi ya kai maƙura, komai a cunkushe. Bayanin da masana suka fi yi shi ne, ƙwayoyin sinadarin nan in biyu suka yi karo sai su cinye juna, zafin kuma ya haifo sababbi. Amma sararin yana ta buɗewa yana hucewa. Da ya huce, haihuwa ta tsaya, saura cin juna. Ki ɗauki kasuwar Taminus da rana, ba kya taku biyu ba ki bangaji wani ba, amma tsakar dare sai ki yi ta tafiya ba kowa. To waɗanda suka rasa abokin karo su ne suka rage har yau. Kin ga ke nan ƙwayar da ta fi saurin karo ita ce ragowarta ta fi ƙanƙanta.

Ga inda gizo ke saƙar. Hujja mai ƙarfi kan yanayin farko ta faro ne daga wajen daƙiƙa ɗaya bayan farawar sararin, gab da ƙulluwar hiliyam, iskar nan mara nauyi da ake hura balan-balan da ita, wanda ya kai kusan kashi 25 cikin 100 na nauyin sinadarin da muka sani. Abin da nake faɗa miki kuwa kafin nan ya faru. In a lokacin sararin ya fi saurin buɗewa, karon zai yanke da wuri, ragowar ta yi yawa. In kuma wata ƙwaya mai nauyi ta farfashe daga baya ta ƙara zafi, sai ta tsarma abin da ya rage. Ƙwaya iri ɗaya fa, amma lissafi ya sha bamban.

Shi ya sa ni ban yarda da masu cewa wannan bayani na karon ƙwayoyi ya rushe ba, don kawai na'urorin ƙarƙashin ƙasa irin XENON na Italiya da LZ na Amurka da ke neman ƙwayoyin ba su kama komai ba tukuna. Akwai ma bayanin da ke cewa ƙwayoyin ba su taɓa yin cunkoson ba, kaɗan-kaɗan suka taru. Wannan sai na isa gida, cajina ya kusa ƙarewa.