Karatun wasan kwaikwayo da fim a jami'a: rawa da waƙa ake koyarwa?

Tambaya: Malam, bana na gama sakandare, ina son in cike fannin wasan kwaikwayo da fim a JAMB. Baba ya ce ba zai kashe kuɗinsa a koya mini rawa da waƙa ba. Ni kuwa abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake nuna mata a finafinanmu. Na ji an ce akwai fannin nazarin mata da jinsi. Ana iya haɗa su?
Daga wata ɗaliba a Funtuwa

Amsa: 'Yata, kada ki ga laifin Baba. Abin da yake gani a talabijin shi ya ɗauka ana koyarwa. Akwai darasin fitowa a dandamali da na sarrafa jiki da murya, wannan ba zan ɓoye miki ba, amma ɗan yanki ne a cikin shekara huɗu. Mafi yawan lokacin yana tafiya ne a rubutun labari, ba da umarni, haske da sauti, tace hoto, tarihin wasanni da kuma sharhi. Da yawa daga cikin waɗanda suka gama ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba, suna gidajen rediyo, kamfanonin talla, aji, ko ƙungiyoyin wayar da kai.

Makarantu na kusa da ke. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta fara wannan karatu a 1975, Jami'ar Bayero ma tana da sashen, haka Jami'ar Jos. Idan kyamara ce zalla a ranki, akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos. Ki tabbata kina da kiredit a Turanci da adabin Turanci, nan ne ɗalibanmu na Arewa suka fi yin tuntuɓe.

Abin da Zariya ta yi suna a kansa shi nake so ki kai wa Baba. Ana tura ɗalibai ƙauye su zauna da mutane, su ji abin da ke damunsu: rijiya ta ƙafe, taki ya yi tsada, mai naƙuda ba ta kai asibiti sai lokaci ya ƙure. Da wannan suke ɗinka wasa da Hausa, su yi shi a ƙofar gidan mai gari. Ana tsakiyar wasan sai a tsaya a tambayi 'yan kallo, da ku ne ya za ku yi? To, wa zai jiyo ta bakin matan da ke cikin gida? Namiji iyakarsa zaure. Ɗaliba ce ke sallama ta shige, ta zauna kan tabarma ana tankaɗe ana hira, ta fito da abin da maza ba za su taɓa ji ba. Rukunin da ba mace a cikinsa rabin labari yake dawowa da shi.

Shi nazarin mata da jinsi, a San Diego ta Amurka aka fara buɗe masa sashe a 1970. A Najeriya galibi cibiyoyin bincike ne ke riƙe da shi, kamar wadda Farfesa Bolanle Awe ta jagoranci kafawa a Ibadan a 1987, da Cibiyar Nazarin Jinsi ta Jami'ar Bayero, kuma an fi yin sa bayan digirin farko. Sunan yana firgita wasu, alhali tambayoyinsa irin naki ne: wa ya rubuta labarin, wa ya sa kuɗi, me ya sa kishiya kullum ita ce muguwa, me ya sa jaruma ke ɓacewa da zarar ta yi aure amma jarumi yana nan?

Don haka ki yi digirin wasan kwaikwayo, ki karkata kundin bincikenki na ajin ƙarshe can. Kayan aiki kuwa jibge suke. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 finafinan Hausa na bidiyo ke fitowa, ga kuma abin da ya girme su nesa ba kusa ba: wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa, da tashen 'yan mata inda ɗaya ke sa riga da hula ta zama ango. Ni a ganina waɗannan ba su samu rabin binciken da suka cancanta ba.

Kafin ki cike fam, ki nemi jerin darussan sashen ki karanta wa Baba ɗaya bayan ɗaya. In da hali, ku je Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tare ya ga dandamalin wasan kwaikwayonta da aka gina da ƙasa, ya zauna da ɗaya daga cikin malamai mata ya yi mata duk tambayar da ke ransa.