Ganyen Nan Ba Taki Yake Nema Ba

Ka ce ganyen fashon furut, itacen nan mai yaɗo da ake lemo da 'ya'yansa, na layin bakin rijiya ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, yana tattarewa, 'ya'yan kuma sun ƙanƙance sun yi tauri. Wai yuriya za ka zuba ko feshi za ka yi? Kai yaro, ajiye buhun nan. Ku yaran yanzu kome kuka gani sai ku zaro waya kuna neman sunan magani. Wannan cutar bairos ce. Itacen da ta shiga ya gama yawo, kuma ko ka zaga shagunan maganin gona daga Kawo har Kasuwar Bacci ba za ka samo abin da zai warkar da shi ba.

Da ka san abin da ta yi mini, da ba ka kawo mini zancen feshi ba. Lokacin da na buɗe gonar hanyar Kachia, wani mai sayar da dashe ya biyo ni har gida. Ya yi rantsuwa ya maya, wai dashensa aure ne, daga uwa lafiyayya ya yanko. Tsakiyar bazara ce, ganye kore shar, ba tabo. Sai da na sayar da bijimaina na biya shi, na kafa turaku, na ja waya, na ɗauki masu ban ruwa. Damina ta wuce lafiya, itace ya rufe rumfa, har wata hajiya mai haɗa lemon kwalba ta ba ni kafin alƙalami.

Hunturu na kamawa asiri ya tonu. Ciwon nan yakan lafa a lokacin zafi, sanyi ke fito da shi fili, kuma mutumin ya san haka sarai, shi ya sa ya zaɓi bazara. Daga baya yaronsa da suka ɓata ya gaya mini cewa uwayen da suke yanka sun daɗe da kamuwa. Ka tsinko ɗa ka yanka, ɓawo ya yi kauri kamar ƙoƙo, ruwan ciki ko cokali bai cika ba. Na mayar wa hajiya kuɗinta da bashi. Da na same shi, buɗar bakinsa sai ya ce ƙasata ce ba ta karɓe shi ba, in yi haƙuri, haka Allah ya so. Ni da na girma a lambu zai koya wa ƙasa! Har yau in mun haɗu wurin ɗaurin aure shi ke fara miƙo mini hannu.

To, saurara. Darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, ita ce ke yawo da cutar. Ta ɗanɗani ganye mai ciwo, ta sauka kan lafiyayye, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci ta zuba masa, tun kafin maganin feshinka ya taɓa ta. Shi ya sa feshi asarar kuɗi ne. Kuma a nan Afirka da Brazil, bairos ɗin da ya fi yi wa fashon furut wannan ɓarna shi ne wanda darɓa ke sa wa wake. Yanzu ka gane dalilin da na hana ka tsarma wake a tsakanin layuka, kai kana ganin rowa ce. Ciwon ba sabo ba ne, tun 1901 aka bayyana irinsa a Ostareliya. Brazil ma da ta fi kowa noman wannan itace, manoma da yawa sun koma tumɓuke gona su sake dashe kowace shekara saboda shi.

Hanya ta biyu hannunka ne. Almakashin da ka yi aski da shi a layin rijiya, in ka wuce da shi layin gaba ba ka tsoma shi a ruwan Hypo ba, kai ka raba musu. Irin da ke cikin ɗan ba ya ɗaukar ta, don haka tun wancan lokaci ni nake renon dashena a ƙarƙashin raga, ba na sayen na kowa.

 Gobe da sassafe ka tumɓuke duk wanda ya nuna alama har saiwa, ka fitar da su bayan shinge ka cinna musu wuta. Kada ka ja su a ƙasa ta cikin layuka, kuma kada in ji ka bar guda ɗaya wai don yana da 'ya'ya.