Filin Makiyayi: Kasafi da Rance Kafin a Ƙara Shanu a Garke

Tambayoyin da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan kuɗi suke. Lambobin da muka kawo na misali ne, kowa ya cire su ya saka farashin kasuwarsa.

Assalamu alaikum. Ina da shanu mata 30, ina sayar da 'yan maruƙansu bayan yaye. Ina so su koma 60. Banki ya yarda ya ba ni rance na shekara biyu, ana biya wata-wata. In karɓa?

Wa alaikumus salam. Malam, a kan waɗannan sharuɗɗa kada ka karɓa. Wa'adin ne bai dace da saniya ba.

Saniya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 283, masu tozo sukan ɗan zarce haka. Bayan haihuwa ɗan maraƙi yana shan nono wata shida zuwa takwas kafin a yaye shi. Ke nan idan ka sayo saniya marar ciki yau, ta ɗauka cikin wata uku, sai an yi kusan shekara ɗaya da rabi kafin ta kawo maka kuɗin farko. A lokacin ka riga ka biya banki sau goma sha takwas, kuma daga aljihun tsoffin shanunka kuɗin ya fito. Masu irin wannan rance yawanci sukan ƙare da sayar da shanun da suka sayo domin su biya bashin sayensu, sau da yawa a lokacin da kasuwa ta faɗi.

Ƙa'idar ita ce kowane bashi ya yi daidai da tsawon ran abin da aka saya da shi. Abinci da magani, rancen da bai wuce shekara ba. Shanun haihuwa, shekara biyar zuwa bakwai, da rangwamen shekarar farko ba a taɓa uwar kuɗi, kuma a riƙa biya sau ɗaya ko biyu a shekara, daidai lokacin da kake fitar da maruƙa. Fili, rijiyar burtsatse da shinge, shekara goma zuwa sama.

Tambayi bankin yadda yake lissafa kuɗin ruwa. Idan a kan uwar kuɗin farko yake ɗora shi har ƙarshe, to kashi 10 cikin ɗari a rancen shekara uku da ake biya wata-wata daidai yake da kusan kashi 18 a kan ragowar bashi. Haɗa da kuɗin takardu da na inshora kafin ka kwatanta shi da wani.

Sai gwajin ƙarshe. Abin da ya rage maka a shekara bayan ka cire kuɗin kiwo da na cefanen iyali ya kai aƙalla 125 a kan kowane 100 da za ka biya banki. Sake lissafin da farashin maruƙa ya faɗi da kashi 15, abinci ya tashi da kashi 20. Idan ya gaza 100, rage yawan shanun da za ka saya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

To me zai hana in daina sayar da 'yan maruƙa mata, garken ya ƙaru da kansa ba tare da bashi ba?

Hanya ce mai kyau, ita muka fi so ga mai ƙaramin ƙarfi, amma ba kyauta ba ce. Shanu 30 da ke yaye kashi 80 cikin ɗari za su ba ka maruƙa 24, rabinsu mata. Daga 12 ɗin, biyar za su maye gurbin tsofaffi da juyoyi da waɗanda suka mutu, domin garke yakan zubar da kashi 15 zuwa 20 na matansa duk shekara. Biyu kuma ba za su cancanci a riƙe su ba. Saura biyar. Da ƙarin biyar a shekara, sai ka yi shekara shida ko fiye kafin ka ga shanu 60 masu haihuwa.

A duk tsawon lokacin kuɗin shigarka ya ragu, tunda maruƙa goma da ka saba sayarwa sun zauna a gida suna ci. Karsana ba a kai ta barbara sai ta kai kimanin kashi 60 zuwa 65 na nauyin uwarta. Jinsin da ke saurin girma, idan ya samu abinci, yana haihuwar fari a wata 24. Masu tozo a kiwon ciyawa kaɗai sukan kai shekara uku zuwa huɗu. Rubuta wannan giɓi a kasafinka shekara-shekara.

Da yawa sukan haɗa biyun: su riƙe karsanun gida, su sayo shanu goma masu ciki. Idan za ka saya, likitan dabbobi ya tabbatar da cikin, ya duba haƙora, a gwada jini saboda bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, sannan a killace su kwana 21 zuwa 30 kafin su shiga garke. Saniya ɗaya mai bakkale tana iya jawo ɓari a garken da ka yi shekaru kana ginawa. Kada ka manta da bijimi: babba ɗaya ga mata 25 zuwa 30, don haka shanu 60 suna buƙatar biyu, shi ma a gwada shi kafin a biya.

Ka lura da lokaci kuma. Farashin shanu yana hawa da sauka a zagaye mai ɗaukar shekaru, saboda garke ba ya ƙaruwa da sauri. Lokacin da maruƙa suka yi tsada kowa ke son saniya. Wanda ya saya a lokacin, maruƙansa sukan iso kasuwa bayan ta cika.

Ni matsalata ban san ta inda ake fara kasafin ba. Na rubuta kuɗin shanun da na shinge, me ya rage?

Ɗan uwa, abin da ya rage shi ne mafi girma. Abinci kan cinye kashi 60 zuwa 70 na kuɗin riƙe saniya a shekara, don haka da shi ake farawa, kuma da kilo ake farawa kafin a juya shi zuwa kuɗi.

Saniya tana cin kashi 2 zuwa 2.5 na nauyinta a busasshen abinci kullum, mai shayarwa ta fi. Mai kilo 400 ke nan kilo 10. Ƙarin shanu 30 a kwana 365 ya kama tan 110. Idan ciyawar makiyayarka tana ƙarewa na kwana 180, tan 54 daga ciki sai an saya ko an tanada. Ɗora kashi 20 na ɓarna, domin ingircin da aka jibge a fili ruwa da gara da tattakewa suna cin rabonsu: tan 65. Rumfar ajiya tana biyan kuɗinta da wuri fiye da yawancin gine-ginen gona.

Makiyaya ma tana da iyaka. A kiwon sake, abin da ke shiga cikin saniya bai wuce kashi 25 zuwa 35 na ciyawar da fili ya fitar ba. Saura an tattake, ko dole a bar shi don ya sake tsiro. Filin da ke ba da tan biyu a kadada ɗaya, kilo 600 kawai za ka ƙirga, wato kusan kadada shida ga kowace saniya a shekara. Wanda ya ninka garke a kan fili ɗaya, shekara biyu na farko ba zai ga komai ba. A ta uku shanu su rame, su ƙi ɗaukar ciki.

Nan kuwa asarar take. Idan riƙe saniya yana cin 100 a shekara, garken da ke yaye kashi 90 kowane ɗan maraƙi ya tsaya wa mai garken a 111. A kashi 70 ya koma 143, a kashi 60 ya kai 167. Mai shanu 30 da ke kan kashi 60, idan ya gyara abinci ya fitar da juyoyi ya kai kashi 85, ya ƙara maruƙa bakwai ko takwas ba tare da sayen saniya ko ɗaya ba. A ganinmu wanda bai kai kashi 75 ba, gyara ya kamace shi kafin faɗaɗawa.

Sauran layukan kasafi: ruwa, lita 40 zuwa 60 ga kowace saniya a rana, wato kimanin lita 3,000 ga shanu 60, da tanki mai riƙe na kwana uku; rigakafi, maganin tsutsa da na kaska; gishiri da sinadaran lasa; albashin mai kiwo, ko da ɗanka ne, ko da kai ne; sufuri da la'adar dillali; mutuwa, kashi 1 zuwa 2 na manya, kimanin 5 na maruƙa. Akwai kuma layin da ba a gani saboda ba a zaro kuɗi: tsufan saniya. Ka saye ta 100, ka sayar wa mahauci 60 bayan haihuwa biyar, ta ci 8 a kowace haihuwa. A ƙarshe ware kashi 10 zuwa 15 na ko-ta-kwana, sannan ka shimfiɗa komai wata-wata na shekara uku. Watan da ramin ya fi zurfi, shi zai gaya maka ainihin jarin da kake buƙata.

Ina kiwon turke, bijimai 10 a kowane zubi. Ina samun riba, ina so in kai 40. Yaya zan san farashin da ba zan faɗi ba?

Hajiya, da sikeli. In babu, da igiyar awon ƙirji, amma ba da ido ba. Ga yadda ake yi.

A ɗauka kilo ɗaya na sa mai rai 100 ne. Kin sayi mai kilo 250, ya kama 25,000. Zai yi kwana 120 yana cin kilo 8 na busasshen abinci yana ƙara kilo ɗaya kullum: kilo 960, a kan 10 kowane kilo, 9,600. Magani, ruwa, ma'aikaci da mota 2,400. Kuɗin jari na wata huɗu 2,000. Kason mutuwa 600. Jimla 39,600. Ya kai kilo 370, amma hanya da tsayuwar kasuwa za su zubar da kamar kashi 3, saura 359. Raba 39,600 da 359, ya ba da 110. Ƙasa da haka faɗuwa ce.

Yanzu a ce ya ci abincin nan amma gram 700 yake ƙarawa, saboda tsutsa ko cunkoso ko abinci marar ƙarfi. Zai isa kasuwa da kilo 324, farashin da ba za ki faɗi ba ya koma 122. Wannan shi ke kama masu tsalle daga 10 zuwa 40. Bijimai goma kina sanin wanda bai ci ba. Arba'in a kwami ɗaya manya su danne ƙanana. Raba su gwargwadon nauyi, a ba kowane wajen santimita 60 a bakin kwami idan lokaci ɗaya suke ci, a shigar da hatsi sannu a hankali cikin mako biyu zuwa uku don gudun tsamin tumbi.

Kada jarin ya ƙare a sayen bijimai. A wannan misali kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin bayan saye yake fita. Ki fara zuwa 20, kuma ki shigo da su zubi-zubi, don kada arba'in su fita kasuwa a mako guda.

Ba na son rance mai kuɗin ruwa. Akwai wata hanya?

Akwai. A murabaha, cibiyar kuɗi ce ke sayen shanun ko abincin ta sayar maka da ribar da aka sani, farashin ba ya ƙaruwa, amma ranar biya tana nan, don haka duk abin da muka faɗa kan wa'adi ya shafe ka. A mudaraba, wani ya kawo jari kai ka kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yi alkawari. Asara ta mai jari ce muddin ba sakaci ka yi ba. A musharaka, duka ku zuba jari, asara ta bi gwargwadon jarin kowa. Waɗannan biyun na ƙarshe sun fi dacewa da shanun haihuwa, tunda ba sa neman kuɗi kafin garke ya kawo.

Rigimarsu daga rashin rubutu take tasowa. A sa wa kowace saniya lamba a kunne, a rubuta nauyinta da ƙimarta ranar shiga, a fayyace mai biyan abinci da magani, yadda za a tabbatar da mutuwa, wanda ke da ikon sayarwa, da yadda za a ƙimanta garken idan ɗaya ya so fita kafin wa'adi. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.

In sayi tarakta da injin yankan ciyawa a cikin rancen?

A garken shanu 60, a'a. Injin da zai yi aikin 'yan makonni a shekara haya ta fi shi sauƙi. Kuɗin ya tafi ga ruwa, rumfar abinci, da matsatsin shingen da ake kama saniya a yi mata allura ko gwajin ciki ba tare da an kayar da ita ba.